Yadda Ake Ɗaura Injin a Bayan Kwalekwalen Roba

Ɗalibin da ya tashi a Rijiyar Lemo zai iya zaton babu ruwansa da zancen jirgin ruwa, tunda abin da ya saba gani a titin Katsina shi ne motoci da babura. Amma wannan titin ne ke kai matafiyi Bichi, daga can kuma sai Bagwai, inda madatsar ruwa ta Watari take. Jihar Kano tana da wasu manyan madatsun, kamar Tiga wadda aka kammala a 1974, da Challawa wadda aka kammala a 1992. Masunta da fasinjoji suna shiga waɗannan ruwaye, haka ma masu binciken halittu da ke ɗebo samfurin ruwa da kifi. Mai bincike da mai aikin ceto sun fi son kwalekwalen roba wanda ake hura wa iska, domin ana naɗe shi a sa a bayan mota.

Kamfanin Zodiac na Faransa ya fara ƙera irin wannan kwalekwale a 1934, kuma a 1952 wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya ƙetare tekun Atlantika a cikinsa cikin kwana 65. Shi kuwa injin da ake rataya wa a baya, Ole Evinrude ne ya sa ya karɓu a kasuwa a Amurka daga 1909. Haɗa waɗannan abubuwa biyu yana buƙatar lura, domin injin mai ƙarfin doki 15 yakan kai kusan kilo 40, ga shi kuma dukkan nauyinsa da ƙarfinsa suna sauka ne a kan allo guda ɗaya.

Allon baya

Allon baya wani katako ne mai kauri, ko faifan alminiyam, da aka manne da gam a tsakanin bututun roba biyu na kwalekwalen. Idan farfela ta tura ruwa baya, ruwan ma sai ya tura ta gaba da ƙarfi daidai da wancan, kamar yadda doka ta uku ta Isaac Newton ta bayyana. To amma farfelar tana can ƙasa, fiye da rabin mita daga inda injin ya kama allon. Saboda haka ƙafar injin tana aiki ne kamar ƙarfen da ake ɓanɓare ƙusa da shi, wato kullum tana neman murɗe allon. Shi ya sa kafin a ɗaura komai ake duba ko katakon ya ruɓe, ko gam ɗin ya fara saki. Akwai kuma ɗan faranti a jikin allon da ke nuna iyakar ƙarfin injin da adadin mutanen da kwalekwalen zai ɗauka.

Tsayi

Ƙananan injuna sukan zo da ƙafa iri biyu: gajera, ta allo mai tsayin santimita 38, da doguwa, ta allo mai santimita 51. Yawancin ƙananan kwalekwalen roba gajera suke buƙata. A saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe da ke hana iska gangarowa daga saman ruwa. Ƙa'ida ita ce wannan ƙarfe ya yi daidai da gindin kwalekwalen, ko ya ɗan sauka ƙasa da shi da kamar santimita biyu. Ana gwada wannan ta hanyar jingina miƙaƙƙiyar sanda a ƙarƙashin kwalekwalen har ta wuce baya.

Idan injin ya yi sama da yawa, farfela za ta riƙa shaƙar iska, a ji ƙara ta ƙaru amma gudu ya ragu. Illa mafi muni kuwa tana wajen sanyaya injin. Bakaniken janareta a Rijiyar Lemo, ko mai sayar da kayan gyara a Sabon Gari, zai gane fistan da fulogi da kafireto na wannan injin nan take. Sai dai iska ce ke sanyaya ƙaramin janareta, shi kuwa wannan galibi ruwan da yake tafiya a ciki yake zuƙa ta wasu ƙananan kafofi da ke ƙafarsa. Wani ɗan famfo na roba ne ke tura ruwan sama, kuma idan ya juya a bushe nan da nan zai ƙone. Alamar lafiyarsa ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan injin. Idan kuma injin ya yi ƙasa da yawa, ruwa zai riƙa ja masa baya, mai ya ƙare da wuri, farfela kuma ta riƙa karo da duwatsu ko ta naɗo ciyawa irin su kachala.

Tsakiya, ɗauri da kusurwa

Ana auna faɗin allon a yi alama a tsakiyarsa, domin injin da ya karkata gefe zai riƙa jan kwalekwalen zuwa ɓangare guda. Daga nan sai a murɗa noti biyu masu hannu har su kama gam. Girgizar injin tana kwance su sannu a hankali, don haka bayan an ɗan yi tafiya sai a tsaya a sake matse su. Wajibi ne a ɗaure injin da igiya mai ƙwari a jikin kwalekwalen, saboda ko da ya zame kada ya nutse.

Saura kusurwa. Akwai ƙusa mai ramuka huɗu ko biyar da ke ƙayyade nisan ƙafar injin daga allon. In ƙafar ta matso ciki sosai, goshin kwalekwalen zai riƙa nutsawa cikin ruwa. In ta fita waje sosai, goshin zai ɗaga sama, kuma da yake kwalekwalen roba ba shi da nauyi, iska mai ƙarfi za ta iya shiga ƙarƙashinsa ta kifar da shi. Abin da ake so shi ne farfela ta tura ruwa a miƙe. Zaunar da mutum ɗaya a gaba yana daidaita nauyin.

Zafin Kano

Allon baya ba ya tsayuwa da kyau sai bututun sun cika da iska, yawanci kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ba. Ga lissafin da malamai za su iya bai wa ɗalibai. An hura bututu da safe zafi yana digiri 25, aka bar shi a rana har iskar ciki ta kai 55. A ma'aunin Kelvin, 298 ke nan ta koma 328, ƙarin kashi 10 cikin 100. Cikakken matsin, idan an haɗa da na iskar sarari, zai tashi daga 1.25 zuwa kusan 1.38. Wato abin da ma'auni ke nunawa ya tashi daga 0.25 zuwa 0.38, ƙarin kusan rabi, wanda zai iya ɓalle mahaɗin robar. Akasin haka ma yana faruwa: bututun da aka hura da tsakar rana zai yi laushi da zarar ya taɓa ruwa mai sanyi, allon kuma ya fara lanƙwasa a ƙarƙashin injin.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a ruwan Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya, kuma hukumomi sun danganta hatsarin da lodi fiye da ƙima. Ƙa'idar Archimedes ta nuna cewa kowane kilo da aka ƙara wa jirgi sai ya ture ƙarin lita ɗaya ta ruwa, kuma nauyin injin da na mai suna cikin wannan lissafi. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Saboda haka kafin a tashi, kowa ya sa rigar kariya, matuƙi kuma ya ɗaura a hannunsa 'yar igiyar nan da ke kashe injin da zarar ya faɗa ruwa.