Garwa: ina ɗan haya zai kai kuka idan an hana shi gida saboda ƙabila ko addini?

A unguwannin Garwa irin su Yelwa, Roumdé Adjia da Poumpoumré, neman ɗakin haya yakan bi ta hannun dillali, kuma tambayoyin dillali ba sa tsayawa kan kuɗi. Yakan so ya ji garin mutum da addininsa, idan mace ce kuma ya tambayi ina mijinta. Wani lokaci amsar ce ke sa ɗakin da aka nuna da safe ya zama "an riga an kama" da yamma. Bahaushen da ya shigo daga Najeriya ko Nijar, da wanda rikicin Boko Haram ya koro daga Mayo-Tsanaga ko Mayo-Sava, da bazawara, da ɗan kudancin Kamaru da aiki ya kawo arewa, duk suna iya cin karo da wannan. Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, ɗalibai ma sun shiga sahun masu neman ɗaki.

Tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairun 1996 yana tare da mai neman hayar. Gabatarwarsa ta ce kowa na da 'yancin zama inda ya ga dama, ba a tsangwamar mutum saboda asalinsa ko addininsa, kuma ba a keta alfarmar gida. Sashe na 65 ya mayar da gabatarwar wani ɓangare na tsarin mulkin. Ga 'yan gudun hijira kuwa, dokar 27 ga Yulin 2005 ta lissafa samun muhalli da kariya daga wariya cikin haƙƙoƙinsu.

Giɓin yana cikin dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yulin 2016. Sashe na 242 ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 2 da tarar sefa 5,000 zuwa 500,000 ga wanda ya nuna wariya saboda launin fata, addini, jinsi ko yanayin lafiya, amma wuraren da ya ambata su ne na shigar jama'a da guraben aiki. Gidan haya na mutum ɗaya ba ya cikin jerin. A Faransa ƙin ba da haya kan irin waɗannan dalilai laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000. A Kamaru, wanda aka hana ɗaki tun kafin a ƙulla yarjejeniya zai sha wuya idan ya nufi kotun laifuka da wannan kaɗai.

Saboda haka ƙofar da ta fi kusa ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru, CDHC, wadda dokar 19 ga Yulin 2019 ta kafa. Tana da reshe a Garwa, da Marwa, da Ngaundere, kuma ana kiran lambarta 1523 kyauta. Ana kai mata koke a rubuce ko da baki, ba sai da lauya ba. Abin da ake so a ciki shi ne sunan mai koke da inda za a same shi, sunan mai gida ko dillali, unguwar da gidan yake, ranar da abin ya faru, da kalmomin da aka faɗa kamar yadda aka faɗe su. Wanda bai iya Faransanci ba ya tafi da amintaccen da zai fassara masa, kuma ya nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin takardarsa. Hukumar ba kotu ba ce. Tana iya bincike, ta gayyaci ɓangarorin, ta sasanta su, ko ta miƙa batun ga hukumomin shari'a, amma ba za ta tilasta wa mai gida ya miƙa makulli ba. Duk da haka, mai gidan da aka gayyata ofis ya bayyana dalilinsa yakan canza murya. Akwai kuma hukumar kula da harsuna biyu da zaman al'adu daban-daban, CNPBM, da aka kafa a Janairun 2017, wadda ke karɓar koken wariya a lamba 1518.

Koke kowane iri yana tsayuwa ne a kan hujja, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, domin ba kasafai mai gida ke rubuta dalilinsa na gaskiya ba. Saƙon WhatsApp ko na murya da dillali ya turo, hoton allon "à louer" da ke rataye bayan an ce ɗaki ya tafi, rasidin kuɗin kafin alƙalami da aka mayar, duk a adana su. Dabarar da ta fi ƙarfi ita ce a tura wani mutum na wata ƙabila ko wani addini ya tambayi ɗakin a ranar. Idan aka ce masa akwai, an sami shaida. Mai hali yana iya biyan huissier, jami'in da ke rubuta abin da ya gani a takardar da kotu ke karɓa. Naɗar muryar mutum a ɓoye kuwa tana iya juyowa kan mai naɗar, saboda dokar laifukan intanet ta 2010 tana kare sirrin mutane.

Idan an haɗa ƙin da kalaman ƙiyayya ga ƙabilar mutum, lamarin ya sauya. Tun 24 ga Disamban 2019, sashe na 241-1 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3. Wannan ƙara ana shigar da ita a ofishin 'yan sanda, ko na jandarmomi, ko a rubuta kai tsaye ga procureur de la République.

Wanda ya riga ya shiga gida ya fi ƙarfi a gaban doka. Sashe na 1719 na Code civil ya wajabta wa mai gida ya bar ɗan haya ya zauna lafiya tsawon yarjejeniya. Mai gidan da ya gano addinin ɗan hayarsa daga baya, ya cire ƙofa, ya yanke ruwa ko ya watso kaya waje, ya taka doka, domin fitar da mutum sai da hukuncin kotu, kuma huissier ne ke zartar da shi. Ana iya neman umarnin gaggawa, wato référé, a wurin shugaban kotun matakin farko ta Garwa, a kuma nemi diyya a ƙarƙashin sashe na 1382. Kutsawa ɗakin ɗan haya ba da izininsa ba laifi ne a sashe na 299 na dokar laifuka. Marar hali na iya neman tallafin shari'a bisa dokar 14 ga Afrilun 2009, da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari.

Kada fushi ya sa a daina biyan haya. Sashe na 322-1 ya ce ɗan hayar da yarjejeniyarsa ke da rajista, aka biyo shi wata 2, kuma bai biya ko ya tashi ba wata guda bayan takardar gargaɗi, yana iya fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. A riƙa biya, a riƙa karɓar rasidi.

Da yawa za su fi son farawa da jauro ko lawan na unguwa, ko Sarkin Hausawa, har zuwa fadar Lamido. Dokar sarautu ta 1977 ta ba sarakuna damar sasanta jama'arsu, kuma wannan hanya ta fi sauri da araha. Rauninta shi ne mai gida ɗan unguwa ne, mai haya kuwa baƙo. Idan an sasanta, a rubuta abin da aka amince a kai, shaidu su sa hannu.

Ga 'yan Najeriya da Nijar akwai ƙarin abin lura: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka zama na dogon lokaci sai da carte de séjour. Wanda takardunsa ba su cika ba gara ya fara da kiran 1523 ko ya tuntuɓi lauya kafin ya doshi ofishin 'yan sanda. Ɗan gudun hijira kuma ya riƙe katinsa, ya sanar da ofishin HCR da ke Marwa.