Distributar tsohuwar Bitil: wacce za ka ɗaura?

Wanda duk ya ɗaga murfin bayan motar Volkswagen Bitil, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, zai ga wata 'yar na'ura mai wayoyi biyar a kanta: ɗaya daga kwayil, huɗu zuwa fulogogi. Ita ce distributa. Aikinta raba wuta ga silinda huɗu, amma babban abin shi ne lokacin da za ta ba da wutar.

Fetur da iska ba sa ƙonewa nan take, suna ɗaukar ɗan lokaci. Don haka dole fulogi ya yi tartsatsi kafin fistan ya kai ƙololuwa, kuma gwargwadon gudun inji, gwargwadon yadda wutar za ta riga shi. Kamar maharbi ne da tsuntsu a sama: in tsuntsun na sauri, sai a ƙara kai bakin bindiga gabansa. A motocin Ford na farko, Model T da Model A, direba ne ke yin wannan da hannunsa, da wani ɗan ƙarfe a jikin sitiyari. Daga baya aka ɗora wa distributa aikin.

Hanya biyu take bi. A cikinta akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin ke riƙe da su. Inji na ƙara juyi, suna buɗewa, suna gaggauto da wutar. Hanya ta biyu wani ɗan gwangwani ne a gefe, da siririn tiyo zuwa kabureta. Shi ba gudun inji yake ji ba, zuƙar iska yake ji, wato ya san ko direba ya ɗan taɓa totur ne ko ya take shi.

A nan masu Bitil ke yin kuskure. Distributar Bosch da ake kira 009 ta yi suna a duniya saboda araha da sauƙin ɗaurawa, ba tiyo ba gwangwani. Amma ƙarafan nan kaɗai gare ta. In ka haɗa ta da kaburetar Solex 34 PICT-3, wadda ke kan injin 1600 da yawa, sai ka ji mota na shaƙewa daidai lokacin da ka taka totur za ka tashi, ta yi jim, sannan ta fizga. Makaniki ya yi ta wanke kabureta, ya canza fulogi, ya ɗora wa fetur laifi, alhali wuta ce ba ta zo da wuri ba. Ga shan mai a doguwar hanya. Wadda ta dace da wannan kabureta ita ce mai haɗa hanyoyin biyu, wadda ake kira SVDA.

Kuma Bitil ba ta da lagireto, iska ce kawai ke sanyaya ta. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, wuta in ta yi gaggawa fiye da kima, inji zai riƙa ƙwanƙwasa a hawa, har fistan ya huje. In ta makara, mota ta yi sanyin jiki, bawul ya gasu.

Shi ya sa saita taimin, wato lokacin ba da wuta, da kunne ke ba ni tsoro. A sa fitilar taimin a kan fuli, a cire tiyon in akwai shi, a kai inji juyi 3,000 zuwa sama a minti, a tabbatar wutar ta tsaya tsakanin digiri 28 zuwa 32 kafin ƙololuwa. Tazarar bakin kontak ɗin da ke cikin distributa kuwa milimita 0.4 ce. In distributar ta hannu ce, a girgiza sandarta: in tana lilo, ta gama aiki, ko da lambarta ta dace.

Mai Bitil, kafin ka ba da kuɗinka, karanta lambar da ke jikin kaburetarka, ka sayi distributar da aka ƙera domin ta.