Jiragen Yaƙin Ingila A Tsibirin Fernando Po

Malamanmu na Tambuwal da Kebbe sukan koyar da labarin Kyaftin Clapperton, Baturen da ya gana da Sarkin Musulmi Bello a 1824, amma ba safai sukan faɗa wa yara cewa hafsan jiragen ruwa ne ba. Cikin abin da suka tattauna har da hana kai bayi bakin teku.

To, a 1827, shekarar da ya mutu kusa da Sakkwato, Ingila ta kafa sansanin jiragenta a Clarence, tsibirin Fernando Po, wato Malabo ta yau. Tsibirin kuwa na Sifaniya ne. Dalili shi ne Firitawun ta yi nisa ƙwarai, bayin da aka ƙwato sukan mutu bisa hanya. Amma zazzaɓi ya yi wa ma'aikatan sansanin ɓarna, kotun bayi kuma ba ta tashi daga Saliyo ba.

A ganinmu wannan tarihinmu ne, gama akwai Hausawa cikin waɗanda jiragen suka 'yanta. A Saliyo, wurin irinsu, Schön ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843.