Yadda ake mayar da yumɓu kamar dutsen aman wuta

Duk wanda ya tashi a unguwar Bolari ya san wasan laka. Da zarar ruwa ya ɗauke, yara su gangara kwari su kwaso laka, a gina shanu masu tozo da raƙuma da mota mai tayar murfin kwalba. Kwana biyu abin ya tsage, a jefar. Amma da wannan hannun ake gina abin da za a ajiye a falo shekara da shekaru, har mai kallo ya rantse sassaƙa shi aka yi daga dutse.

Dutsen da ake kwaikwaya ba baƙo ba ne a yankinmu. Wanda ya bi hanyar Biu ya ga baƙaƙen duwatsu warwatse a gonaki, wasu da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Tudun Biu tsohon aman wuta ne, tafkin Tila ma a cikin wani mataccen ramin aman yake. Ramukan nan iska ce ta bar su: dutse ya fito a narke, iskar da ke cikinsa ta yi kumfa, ya sandare kafin ta gama ficewa. Dutsen goge kaushi mara nauyi, wanda ke iya yawo a kan ruwa, haka ya samu.

To, magini ma abin da zai yi ke nan, ya sa wa yumɓu abin da zai fice ya bar gurbinsa. A samo ɓuntun shinkafa daga inji ko garin katako daga wurin kafinta, a cuɗa da yumɓun da aka jiƙa aka tsince tsakuwarsa. In an gasa, ɓuntu ya ƙone, rami ya zauna. Kada a cika hannu, don in ya yi yawa abin zai riƙa marmashewa kamar ƙuli. A daka tsingaro a zuba, shi ke ba da kaushi, yana kuma rage tsagewa. Mutanen Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tono aikinsu a 1928 a kudancin Kaduna ta yau, da tsakuwa suke haɗa yumɓunsu, ga shi ya haura shekara 2,000. 

Idan siffa ta tsaya, a bari ta sha iska har ta daina manne wa yatsa. Sai a bi ta da tsohon buroshin haƙori ana daddannawa, a soka tsinke nan da can, wani zurfi wani sama-sama. A nan yawancin masu koyo ke kuskure: su jera ramuka daidai wa daida kamar mataci. Dutse ba ya haka. Mafi sauƙi, a danna dutsen na gaske a jikin yumɓun ya bar tambarinsa.

Shanya a inuwa ake yi, mako guda ko fiye. Rana da iskar hunturu kan busar da baya su bar ciki da danshi. Abin da ya fi babban yatsa kauri a rarake cikinsa a huda ƙasansa, in ba haka ba tururi zai fasa shi a wuta. A fara da wuta kaɗan ya ɗumama, sannan a lulluɓe shi da kara da itace. Baƙin kuwa hayaƙi ne: yana fitowa da zafinsa a binne shi cikin ɓuntu, ya turnuƙe, ya fito baƙi ƙirin.

Wani zai ce ai gunki ne. Malamai da yawa sun hana gina siffar mai rai, ko da yake an sassauta a kayan wasan yara. Mai gudun saɓani ya gina rumbu, ko turmi, ko ƙofar gari, ko kaskon turaren wuta, wanda ma ya fi saurin samun mai saye.