Faɗa-wuta: Baƙuwar Dare Mai Ɓarnar Masara

Da zarar damina ta kankama a Suleja, duk wanda ya kunna fitila a tsakar gida bayan sallar isha'i zai ga faɗa-wuta sun yi mata caa. Yara kan ce malam-buɗe-littafi ne, alhali kuwa ba shi ba ne. Shi malam da rana yake yawonsa, in ya sauka sai ya haɗe fukafukansa sama. Ita kuwa faɗa-wuta 'yar dare ce, mai kaurin jiki da gashi-gashi, in ta sauka takan kwantar da fukafukai bisa bayanta kamar jinka.

To, a cikinsu akwai wadda ya kamata manomin masara ya sa wa ido. Asalinta daga nahiyar Amurka take, ba a san ta a Nijeriya ba sai a 2016. Fukafukanta na sama ruwan toka ne da ratsin ruwan ƙasa, na ƙasan kuwa farare masu baƙin gefe. Namijin yana da farin tabo a ƙarshen fiffike. Macen takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule jikin ganye, ta lulluɓe su da gashin jikinta.

Tsutsar da ke ƙyanƙyashewa ita ce mai ɓarnar. A goshinta akwai alama kamar harafin Y a kife, wajen wutsiya kuma baƙaƙen ɗigo huɗu. In manomi ya leƙa tsakiyar masararsa da sassafe ya ga kashi kamar dusa, to, tana ciki, kuma in ta girma ta nutse can, da wuya maganin feshi ya kai gare ta.