Saƙon "Za a Toshe Layinka": Inda Gaskiya Ta Tsaya, Inda Damfara Ta Fara

Wani dogon saƙo ya sake zagayowa zaurukan WhatsApp na 'yan uwa, na masallaci da na kasuwa, ɗauke da gargaɗi huɗu. Uku daga ciki ba sa buƙatar dogon bayani. Cewa turakun 5G ne suka kawo korona ba ya tsayawa, domin an tabbatar da cutar a Najeriya a Fabrairun 2020, MTN kuwa sai a 2022 ya buɗe wa jama'a 5G. Lambar da ake cewa wanda ya amsa kiranta zai faɗi matacce tsohuwar ƙarya ce da ta firgita mutane tun 2004, kuma kiran waya ba ya ɗauke da abin da zai kashe mutum. Gargaɗin da ya shafi cajin waya yana da ƙamshin gaskiya: jabun caja da batirin da ya kumbura suna iya tayar da wuta, maganinsu a canza su. Na huɗun ne ke raba mutane da kuɗinsu, wato cewa za a toshe layinka cikin kwana biyu idan ba ka latsa shuɗin rubutun da ke ƙasan saƙon ka "sabunta" bayananka ba.

Abin da ya sa wannan ke kama mutane shi ne rabinsa ya taɓa faruwa. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka yin kira, sannan hukumar sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Duk wanda ya sha rana a layin rajista, ko ɗan Kantin Kwari da abokan cinikinsa na Agadas da Maraɗi suka san shi da lamba ɗaya tak, ba za a ga laifinsa ba idan gabansa ya faɗi. Amma a duba abin da shafin da shuɗin rubutun ke buɗewa yake nema. Da farko suna da lambar waya, sai NIN, sai BVN, daga nan dogayen lambobin gaban katin cire kuɗi, ranar ƙarewarsa da lambobi ukun da ke bayansa. A ƙarshe ya ce ka rubuta lambar da za a turo maka yanzu "don tabbatarwa". Wannan lambar bankinka ne ya turo ta, saboda a daidai lokacin wani yana can yana ƙoƙarin biyan kuɗi da katinka, kuma ita kaɗai ta rage masa. Haɗa layi da NIN aiki ne tsakaninka da kamfanin layinka da hukumar NIMC. Babu inda katin banki ya shigo, babu inda lambar sirri ta shigo.

Wani zai ce ai ruwa ba ya tsami banza, bankuna ma sun nemi NIN da BVN. Haka ne, a ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a haɗa asusu da waɗannan lambobi. Sai dai a reshen banki ko ta hanyoyin bankin kansa, irin su manhajarsa, ake yin wannan, kuma banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ko a waya ko a rubuce. Wani kuma zai ce ya cike bai ga komai ba. Ba zan ce kowane irin wannan shafi yana kwashe kuɗi nan take ba, wasu tattara bayanai kawai suke yi, wasu kuma talla suke son a kalla. Amma wanda ya riƙe sunanka da BVN ɗinka zai iya kiranka bayan wata uku, ya ambace su tiryan-tiryan, ka ɗauka ma'aikacin banki ne, ka karanto masa sauran da bakinka.

Waɗanda raina ya fi ɓaci da su su ne masu turawa da hujjar "ko da gaskiya ne". Mai ilimi, mai waya babba, ya ga adireshin shafin bai ƙare da gov.ng ba, ba kuma na kamfanin layi ba ne, ya ga an rubuta "tura wa zaure biyar", amma ya jefa shi zauren dangi inda gwaggonsa za ta yarda saboda daga hannunsa ya fito. Sunansa ne ya zame wa ɗan damfara shaida, kuma minti biyu sun ishe shi ya bincika kafin ya tura.

Wanda ya riga ya cike, ya kira bankinsa yau a toshe katin, ya canza lambar sirrin manhaja da ta tura kuɗi ta waya. Mai shakkar matsayin layinsa ya taka zuwa ofishin kamfanin da ƙafarsa, idan ba a saurare shi ba ya kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne.