Ƙarnin Kifi a Duron Ruwan Murjani

Hajiya ce ta fara jin sa. Kwananta uku da saukowa daga Makka bayan Umra, tana hutawa a wurinmu a Jidda kafin ranar jirginta na Kano, sai ta leƙa ɗan sito ɗin da ke bayan kicin tana neman tsintsiya. Ta fito tana yatsina fuska.

"Babana, wa ya wanke kifi a cikin duron nan?"

Na ce mata babu, kuma duk gidan ma babu ruwan da ya kai na wannan duro tsabta. Ta ce, "To je ka ɗaga murfin." Na ɗaga, na sunkuya. Ƙarni ne kuwa, ba mai yawa ba, irin wanda yake maƙale wa wuƙa idan an gyara ɗanyen kifin teku aka ɗauraye ta sama-sama. Gabana ya faɗi, domin na san inda ruwan nan yake tafiya.

A falo ina da akwatin gilashi mai cin lita 300 na ruwan gishiri, da kifaye biyar da murjani masu rai. Hajiya ta san murjani a wuyan amare, jajayen duwatsun nan da ake shiryawa a zare, don haka ta daɗe tana kallon nawa da na ce mata danginsu ne, kuma dabbobi ne masu baki da ci. Kullum lita uku ko huɗu na ƙafewa daga akwatin, gishiri kuwa ba ya bin tururi. Idan ba a cike gurbin da ruwa marar gishiri ba, sai gishirin ya haura kashi 35 cikin dubu da murjani ya saba da shi a teku. Ruwan famfo ba ya yin wannan aiki. Kulorin na ƙona halittun ruwa, ɗan ɗigon jan ƙarfe daga bututu na iya kashe murjani, fosfet da siliket kuma su ne abincin gansakuka. Shi ya sa masu wannan kiwo ke ajiye na'urar da ake kira RO/DI. Ruwa na fara ratsa matatar laka, ya bi ta dunƙulen gawayi mai kama kulorin, sai a matsa shi ta wani siririn tantani da ke tare kusan kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na abin da ya narke a ciki. Ɗan ragowar kuma rezin ne ke tsince shi, wasu 'yan ƙwayoyin roba da ba su kai ƙwayar gero ba, cike a cikin wani kwanso. Abin da ya fito shi nake tarawa a duro mai lita 120, wani ɗan inji yana ja daga ciki yana cike akwatin da kansa. Saboda haka sai in yi mako biyu ban ɗaga murfin ba.

Na kashe injin, na ɗauko ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, na tsoma. Sifili ya nuna. Na sake tsomawa, sifili. A wurin masu kiwon murjani wannan lamba kamar hatimin alƙali ce, da ta fito an rufe magana. Hajiya ta dubi ma'aunin, ta dube ni, ta ce ita dai hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Zargina na farko kan tiyo ya faɗa. Idan bakinsa ya nutse a ruwan akwatin kuma inji ya tsaya, ruwan gishiri na iya zuƙowa baya ya koma duro, da kashin kifi da komai. Wannan zai bayyana ƙarnin sarai. To amma ko cokali guda na ruwan teku ya shiga, ma'aunin ba zai tsaya a sifili ba, kuma da na duba bakin tiyon yana sama da ruwa da kusan taƙi guda. Warin baragurbi ma, wanda kan tashi idan aka rufe haɗaɗɗen ruwan gishiri ba iska har bakteriya suka juya sulfet ɗinsa, ba shi muke ji ba.

Sai duron kansa. Na juya shi na duba gindinsa, akwai lamba 2 a cikin alwatika da haruffan HDPE, wato roba ce da ake zuba abinci a irinta. Na kwashe ruwan na shafa bangon ciki da yatsa, sai na ji santsi, ɗan yauƙi kamar na randar da aka daɗe ba a wanke ba, ga kuma wani bashi-bashi. Mutane na zaton tataccen ruwa ba ya raya komai, alhali gawayi ya riga ya cire kulorin da ke gadinsa, kuma akwai bakteriya irin su Ralstonia pickettii da aka sani suna zama lafiya lau a ruwan da ya fi wannan tsabta, har a na asibitoci da masana'antu. Na ce alhamdu lillahi, an kama ɓarawo. Na wanke duron da bilic marar turare, na ɗauraye har sau huɗu, na kifa shi kwana biyu ya bushe ƙayau, na canza tiyon, na sake tarawa.

Washegari da safe bashin ya tafi. Ƙarnin yana nan daram, har ya fi fitowa fili tunda babu abin da ke rufe shi.

A nan na gane tun farko a wuri guda nake ta haƙilo, wurin da aka ji warin, alhali ruwan ya yi doguwar tafiya kafin ya iso can. Na ɗauko kofunan gilashi biyar, na ɗauraye su da tafasasshen ruwa. Na ɗebi ruwa daga famfo, na kwance bututun bayan gawayi na ɗiba, na ɗiba bayan tantani, na ɗiba a bakin rezin kafin ya taɓa duro, na biyar kuma daga duron. Na liƙa wa kowanne lamba a ƙarƙashi, na rufe su da faranti na rabin awa don abin da zai tashi ya taru, sannan uwargida ta cakuɗa su ba na gani. Muka jera wa Hajiya a kan tire.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga faranti tana shinshinawa ba gaggawa. "Wannan maganin famfo ne." Ta ture shi gefe. Biyu ta ce lami ne, babu komai. Biyun ƙarshe ta haɗa su wuri guda. "Ga su nan, uwa ɗaya uba ɗaya." Muka juya gindinsu, na duro ne da na bakin rezin. Ashe ruwan yana barin tantani garau, sai a matakin ƙarshe, wanda aikinsa ke nan ya kammala tsarkake shi, yake kwaso ƙarnin.

Ina tsaye ina jujjuya abin a raina, Hajiya ta aiki jikarta ta kawo lemon tsami daga firji. Ta yanka, ta matsa ɗigo uku a ɗaya daga cikin kofunan, ta ce, "In dai ƙarni ne na gaskiya, ga ubangidansa." Ta rufe, ta jira kaɗan, ta miƙo mini. Da na ture ƙamshin lemon gefe, ƙarnin babu shi. Na maimaita da farin khal a ɗaya kofin don kada a ce ƙamshi ne ya danne shi, haka aka samu.

Wannan ɗan gwaji na kicin shi ya ba ni sunan mai laifin. Ƙarnin kifin teku daga wani sinadari yake fitowa mai suna tirimetilamin, wanda bakteriya ke saki daga tsokar kifi bayan ya mutu. Yana tashi sama cikin sauƙi, amma da tsami ya taɓa shi sai ya zama gishiri ya zauna a cikin ruwa, hanci ya daina kama shi. Abin da matan gida ke yi ke nan idan suna wanke kifi da lemon tsami. Shi kuma rezin iri biyu ne a gauraye. Akwai ƙwayoyin da ke kama irin su sodiyam da kalsiyam, akwai masu kama kulorayid da siliket da fosfet, kuma wannan kashi na biyu da tirimetilamin ɗin ake gina hannuwan da suke kamu da su. Idan zafi ya dake su, hannuwan na ɓallewa, sinadarin ya koma yadda yake tun asali ya bi ruwa. Nan take na tuna jakar rezin da na saya a watan Agusta, wadda ta yi fiye da mako a but ɗin mota tana shan ranar Jidda kafin in shigo da ita. Sifilin ma'auni ma ya daina ba ni mamaki. Abin da yake aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa ruwa, kuma ƙaramin matakinsa kashi ɗaya ne cikin miliyan, hancin ɗan Adam kuwa yana jin tirimetilamin a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Duro a rufe, sito da ɗumi, sai ya yi ta taruwa a sararin da ke ƙarƙashin murfi.

Duk da haka wani abu ya hana ni barci a daren. Ƙwayoyin kashi na farko ai ya kamata su cafke wannan sinadari tun bai fita ba, tunda a gauraye suke da 'yan'uwansu. Me ya hana su?

Bayan sallar Asuba na ɗauki tocila na haska kwanson. Sama shuɗi ne, ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa, da layi a tsakani kamar an ja da rula. Na sha ganin haka a makonnin baya ban damu ba, domin irin wannan rezin yana sauya launi daga ƙasa zuwa sama idan yana ƙarewa. Amma da na lissafa, ruwan da na tace bai isa ya cinye wannan kaso ba. Na kwance kwanson na girgiza shi kusa da kunnena, sai na ji ƙwayoyin suna kai-komo. Ban danƙara shi sosai ba ranar da na cika. Ruwa daga ƙasa yake shiga ya fita ta sama, masu kama kulorayid kuma sun fi sauƙin nauyi, su ne masu shuɗin. Da suka sami fili sai suka taso sama, masu nauyin suka kwanta a gindi, kamar yadda dusa ke rabuwa da tsaba a faifai. Ruwan yana wuce masu gadin tukuna, sannan ya bi ta cikin ƙwayoyin da zafi ya lalata, daga nan sai duro.

Na zubar da rezin ɗin duka, har ragowar da ke jaka. Ruwan duron aka yi goge-gogen tsakar gida da shi, domin ko da kaɗan ne abin da ke ciki, sinadari ne mai naitirojin, kuma ba na kai wa gansakuka abinci da hannuna. Na sayo sabo, wannan karon a kujerar gaba ya zauna kusa da na'urar sanyaya mota. Na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina buga gindin kwanson a kan tebur har ya ƙi karɓa, na matse soson da ke sama, na bar lita biyar na farko suka tafi magudana. Ragowar na ɗaure bakinsa tam na saka a kabad ɗin ɗakin da ya fi sanyi.

Daren da Hajiya za ta tashi, jakunkunanta na bakin ƙofa da jarkar Zamzam, na kawo mata kofi guda a rufe da faranti. Ta ɗaga, ta shinshina, ta sake shinshinawa.

"Lami," in ji ta. "Je ka ba 'yan duwatsunka su sha."

Na kunna injin. Ta ja kujera gaban gilashin ta zauna, tana kallon wani koren murjani yana buɗe 'yan yatsunsa a cikin shuɗin haske, har direba ya yi hon a ƙasa.